Na je Leeds saboda wani tsohon faifai da ya ce a ƙyale ƙuri'a

Ranar Asabar 29 ga Yuni 2024 na kama jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Leeds, saura kwana biyar a yi zaɓen Birtaniya, kuma wallahi abun da ya tashe ni daga gida faifan waƙa ne, faifan da aka yi tun 1987 kafin ma a haife ni. Bari in ɗauko zancen daga tushe don ku gane.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a nan. Akwai wani abokin aikina Bature, ya haura sittin, kansa duk furfura amma har yanzu ana ganin hujin ɗan kunne guda uku a kunnensa na hagu. Rannan muna shan shayi lokacin hutu sai ya hango katin zaɓe a jakata, ya yi mamaki, na ce masa ai mu 'yan Najeriya da ke zaune a ƙasar nan da takarda muna da damar kaɗa ƙuri'a saboda ƙasarmu na cikin ƙungiyar Commonwealth. Ya ce to za ka je kenan? Na ce sosai ma, ni da na tsaya a layi a gida ranar 25 ga Fabrairu 2023 tun safe har la'asar rana na dukana, ai wannan da za a yi a cikin inuwa ba zai gagare ni ba. Bai yi mun musu ba. Wayata kawai ya karɓa ya rubuta mun sunan wata ƙungiyar mawaƙa, Chumbawamba, da sunan faifansu, Never Mind the Ballots, ya ce ka saurara tukun sai mu yi magana.

Ma'anar sunan kamar a ce "rabu da ƙuri'un nan", kuma waƙar ƙarshe ita ke ƙarasa maganar, wai ga sauran rayuwarka nan. Na saurara a bas, na sake saurara a kicin ina dafa taliya, na nemo kalmomin na bi su a hankali don Turancin mutanen arewacin Ingila sai ka kasa kunne. Kwana uku abun yana cina. Shi ne na kira Yaya, ɗan wan babana ne yana karatu a Bradford, na ce masa ina tafe Leeds ina so in ga unguwar da aka yi waƙoƙin nan. Ya ce kai ƙanena, mutane na zuwa Leeds kallon ƙwallo kai kuma gidan mawaƙa? To zo, zan tare ka a tasha.

Hanyar kamar awa guda ce. Jirgin ya bar gari ya shiga tsaunukan Pennine, kore shar, tumaki a warwatse, sai ya nutse cikin wani dogon rami a ƙarƙashin dutse, sabis ya ɗauke, da muka fito sai ga Huddersfield. Bayan ta Dewsbury, garin da Musulmi ke da yawa, kuma Yaya ya riga ya gaya mun a waya cewa a wajajen nan bana mutane sun fusata da jam'iyyar Labour kan Gaza. Ya yi gaskiya kuwa, don da aka yi zaɓen ɗan takara mai zaman kansa ne ya ɗauke kujerar Dewsbury. Abun da ya ban mamaki tun daga tagar jirgi shi ne shiru. Saura kwana biyar zaɓe amma ba gangami, ba mota mai lasifika, ba fosta a jikin gada, sai ɗan allo ja ko shuɗi ko kore a tagar wani gida jefi-jefi.

Ni dai kunnena na cikin faifan. Mutanen da suka yi shi 'yan pank ne, wato kiɗan jita mai ƙara da sauri da ihu wanda matasan Ingila suka ɓarke da shi wajen 1976, lokacin da aiki ya yi wuya kowa ya ƙosa. A cikin 'yan pank ɗin kuma akwai wani ɓangare da ake kira anakis, su ra'ayinsu mutane za su iya tafiyar da lamuransu da kansu ba sai da wani a samansu ba, ba sarki ba firaminista ba maigida, alamarsu harafin A a cikin da'ira. Da na fara jin kalmar na ɗauka 'yan tada zaune tsaye ne kawai masu son a ƙona gari. Da na bincika sai na ga yawancinsu abun da suke nufi shi ne a zauna a yi shawara, a raba aiki, a raba abun da aka samu. Chumbawamba sun haɗu a 1982, maza da mata, suka tare a wani babban gida da aka bari ba kowa a unguwar Armley a Leeds, ba haya suke biya ba shiga kawai suka yi suka gyara, kuɗinsu a asusu ɗaya, girki bi da bi.

Yaya na tsaye a bakin tasha da rigar sanyi duk da bazara ce. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya ce kafin komai sai an ci abinci, ya ja ni kasuwar Kirkgate. Babbar kasuwa ce mai rufi, a nan ne ma masu manyan kantunan nan Marks & Spencer suka fara da ɗan tebur a 1884. Na ga doya, na ga attaruhu, na ga busasshen kifi, muka ci shinkafa da kaza a wajen wasu 'yan Pakistan muka fito.

Daga nan na ce sai mun nemo faifan a hannu, irin baƙin faranti ɗin nan na da. Shago biyu muka shiga babu, a na uku mai sayar da tsofaffin faya-fayi wani dattijo ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya dinga ture su ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ya zaro shi. Kwalin ya sha hannu, gefensa ya yi laushi kamar tsohon littafin makaranta, an ɗan liƙe bakin da salatif, yana warin ɗaki mai danshi. Ya fito da farantin ya karkata shi wajen fitila don in ga ba tsaga, ya nuna mun sunan kamfanin da ya buga, Agit-Prop, ya ce nasu ne na kansu, ba wani attajiri a bayansu a lokacin. Ba ni da na'urar da zan sa shi amma na saya. Yaya ya kalle ni ya ce ka san dai kuɗin nan in aka canza shi naira nawa ne ko? Na ce na sani Yaya.

Sai bas zuwa Armley, yamma da tsakiyar gari, ba nisa. Abu na farko da ke tare maka ido gidan yari ne, wani baƙin gini na dutse kamar fadar sarakunan da, tun 1847 yake nan kuma har gobe ana tsare mutane a ciki. Bayansa layuka ne na gidajen jan bulo manne da juna, wasu ma bayan gida a jingine da bayan wani gidan, ba tsakar gida ba komai, shanya a kan titi ake yi. Gidajen ma'aikatan masaƙa ne tun zamanin da Leeds ke saƙa ulu tana sayar wa duniya, tsohuwar masaƙar tana nan a bakin kogin Aire an mai da ita gidan tarihi. Babban titin unguwar kuwa shagunan caca, shagunan gwanjo, kantin 'yan Poland, wasu ƙofofin a garƙame. Ban je na ƙwanƙwasa gidan da mawaƙan suka zauna ba, ba shi na zo gani ba, so nake in ga me suke gani in sun buɗe taga.

Muka samu benci muka zauna, na ba Yaya kunne ɗaya na ɗauki ɗaya. Kafin in kunna sai da na ba shi labarin shekarar. Margaret Thatcher ta hau mulki 1979, rashin aikin yi ya haura mutum miliyan uku, aka yi yaƙin Falklands 1982, sannan masu haƙar kwal suka shiga yajin aiki daga 1984 zuwa 1985, shekara guda cur, kuma a wannan yanki na Yorkshire abun ya fi zafi. Gwamnati ta karya su, aka bi ramukan kwal ana rufewa, garuruwa suka mutu a tsaye. 'Yan Chumbawamba suna cikin masu yin wasa ana tara wa iyalan masu yajin kuɗi. Sai ga zaɓe ranar 11 ga Yuni 1987, Thatcher na neman karo na uku, Neil Kinnock na Labour, ga kuma haɗakar David Steel da David Owen a tsakiya. Kowa a ɓangaren talakawa cewa yake a fito a kada matar nan ko ta halin ƙaƙa. Su kuma a daidai wannan lokacin suka fito suka ce har wanda kuke so ku ɗora ɗin ma ba mu yarda da shi ba. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, don nasu ne za su fara jin haushinsu.

Waƙoƙi takwas ne. Ta farko sunanta kaɗai ya isa, wai kullum ka gaya wa mai zaɓe abun da yake so ya ji, kuma haka aka gina ta, ɗan takara na zuba alƙawari, aiki ne akwai, asibiti ne akwai, duk abun da bakinka ya furta ya riga ya tanada. Yaya ya cire abun kunnen ya ce wannan ai mutumin mazaɓarmu ne aka fassara da Turanci. Akwai wata da 'yan takara biyu na jam'iyyu daban-daban suke ta magana har ka ga ashe bakinsu ɗaya, kalmomin ne kawai suka bambanta. Akwai wata da sunan Michael Heseltine, ministan tsaron da a zamaninsa aka kawo makamai masu linzami na Amurka sansanin Greenham Common a 1983, wanda a shekarar aka watsa masa jan fenti a jami'ar Manchester. Kiɗan kuma ba hayaniya zalla ba ce kamar yadda na zata, sai a yi ta dukan ganga da jita kamar za a fasa kunne, kwatsam sai muryoyin mata su shigo a haɗe, sanyi ƙalau, kana jin kowace kalma. Akwai wajen da suka taɓa addini da masu wa'azi, nan kam ni da su mun raba hanya, na gaya wa Yaya, na kuma gaya wa Baturen da na koma. Ban zo don in karɓi komai nasu ba.

Abun da ya riƙe ni shi ne ni na taso ina jin waƙar siyasa ta yabo ce, a kira sunan mai gida a kira na uwarsa a zagi abokin hamayya, a yi wa mawaƙi kyautar mota. Ban taɓa zama na ji albam sukutum da ba ya bayan kowa ba, da yake magana da mai layin zaɓe ba da wanda ke jikin fosta ba. Tambayar da suke yi ita ce, ranar zaɓe ɗaya ce a shekara huɗu ko biyar, sauran kwanakin fa wa ka bar wa? Ni kuma na tuna yadda na dawo gida da tawada a yatsa a 2023 ina jin na sauke nauyi, wata uku bayan nan ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, kuma ba abun da na yi sai zagi a Facebook.

Yaya bai bar ni na tafi a haka ba, shi mutum ne mai son a duba ɗaya gefen. Ya ce tashi in nuna maka wani abu. Muka gangara wajen Canal Road, ya nuna mun wasu layukan gidaje ya ce nan kusa akwai wata masana'anta da ake kira J. W. Roberts, suna sarrafa asbestos, wani farin abu kamar auduga da ba ya cin wuta, har aka rufe ta a 1959. Ƙurarsa ta dinga sauka a unguwar, a kan taga, a filin makaranta, yara na dunƙula ta suna jifan juna kamar ƙanƙara. Bayan shekara talatin arba'in mutane suka fara mutuwa da wata irin sankarar huhu, har waɗanda ba su taɓa taka cikin masana'antar ba. Wata mata, June Hancock, da ta yi wasa a wajen tana yarinya, cutar ta kashe mahaifiyarta ita ma ta kama ta, ta kai ƙara ta yi nasara a 1995, kamfanin ya ɗaukaka ƙara ya sake faɗuwa a 1996, ita kuma ta rasu 1997. Yaya ya ce to ka san wa ya ɗauki maganar ya kai ta majalisa ya ƙi sakinta? John Battle, ɗan majalisar wannan mazaɓar a lokacin. Ka san yaushe aka fara zaɓensa? A wannan zaɓen na 1987 da mutanenka suka ce a rabu da shi.

Na yi shiru, don maganar ta shige ni. Na tsaya ina kallon wata taga da aka jera tukwanen fure, ina tunanin matar da ta share wannan dandamalin da tsintsiya shekara da shekaru ba ta san me take shaƙa ba. Can na ce Yaya amma ai matar ce ta tsaya da ƙafarta a kotu tana ciwo, da maƙwabtanta da suka ba da shaida, da sun zauna jiran ɗan majalisa kaɗai fa? Ya ce haka ne, shi ma da bai samu kujerar ba da wa zai faɗa a can? Muka yi ta jan zancen har muka hau bas ɗin Bradford ba wanda ya kada wani.

A hanya ne ya tambaye ni ƙarshen mawaƙan. Na ce ai ka san su ba ka sani ba, na kunna masa Tubthumping, waƙarsu ta 1997 da ake sawa a filayen ƙwallo, nan take ya gane ta. Sun sa hannu da babban kamfani EMI, tsofaffin abokansu da yawa suka ce sun ci amana, kuma ni ma in na faɗi gaskiya abun ya ɗan tsaya mun a rai. Amma ba su yi laushi ba. A bikin kyaututtukan Brit na 1998, Labour na kan mulki lokacin, ɗaya daga cikinsu Danbert Nobacon ya juye wa mataimakin firaminista John Prescott ruwan ƙanƙara saboda yadda aka yi watsi da ma'aikatan tashar jirgin ruwan Liverpool da aka kora. Wani kamfanin motoci na Amurka ya biya su don ya sa waƙarsu a talla, suka miƙa kuɗin ga masu bin diddigin ɓarnar manyan kamfanoni. A 2012 suka watse bayan shekara talatin. Thatcher kuwa ta ci zaɓen 1987 ɗin da rinjayen kujeru 102, faifan bai hana komai ba.

Da la'asar muka isa Bradford, muka yi salla a wani masallaci kusa da jami'a, sannan Yaya ya kai ni wani ɗan lungu mai suna Albion Street. Nan ne 1 in 12 Club yake, wani tsohon gini mai hawa, ba ado ba komai. Marasa aikin yi da 'yan pank ne suka kafa ƙungiyar a 1981, sunan kuma daga wani rahoton gwamnati ne da ya ce wai mutum ɗaya cikin goma sha biyu masu karɓar tallafi maguɗi yake yi, su kuma suka ɗauki zagin suka mai da shi suna. A 1988 suka buɗe ginin bayan sun gyara shi da hannunsu. Akwai ɗakin wasa, ɗakin karatu, wajen cin abinci, ba manaja ba mai gida, membobi ke zama su yanke shawara. Mun tarar da wata dattijuwa tana sauke kwalaye daga mota, Yaya ya kama mata ɗaya na kama ɗaya, littattafai ne da gwangwanayen wake. Ta ga faifan a hannuna ta yi murmushi ta ce tana da shi tun yana sabo. Na tambaye ta ko za ta yi zaɓe ranar Alhamis. Ta ce wasu shekarun tana yi wasu ba ta yi, minti biyar ne, ba ta faɗa da kowa a kai, amma kwalayen nan duk sati ne. Ta karɓi na hannuna ta shige.

Shekara arba'in da wani abu kenan suna nan, firaminista nawa aka yi aka sauke. Wannan ya fi komai tsaya mun a tafiyar, ya fi waƙoƙin ma. Na kwana a ɗakin Yaya a kan katifa a ƙasa, muka yi hira har dare kan ƙungiyar unguwarmu ta gida da ta mutu tun da aka fara raba mata kuɗin kamfe, da safe ya raka ni tasha ya ce ka gaida Baturen naka, ka ce masa Yayanka ya ce har yanzu zai yi zaɓe.

Ranar Alhamis 4 ga Yuli na je kafin in wuce aiki, don a nan ba a ba da hutun zaɓe, rumfa na buɗe daga bakwai na safe zuwa goma na dare. Wani ɗakin taro ne na unguwa, mata biyu a tebur, na nuna fasfo, aka ba ni takarda, fensir ne ɗan guntu ɗaure da zare, na yi alama na ninke na jefa. Ko minti biyar ban yi ba. Labour ta kwashe kujeru sama da 400 da kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, mutum huɗu cikin goma ma ba su fito ba, kuma 'yar majalisar da ke wakiltar Armley, Rachel Reeves, ita ta zama ministar kuɗi.

Lahadin da ta biyo baya mu takwas muka haɗu a falon wata 'yar Zimbabwe da muke aiki tare, akwai 'yan Ghana biyu, 'yar Indiya, mu 'yan Najeriya uku, da Baturen nan. Wata biyu kenan ana rage mana awannin aiki ba bayani, kowa na tsoron magana shi kaɗai saboda bizarsa a hannun wajen aikin take. Ni na kira zaman, hannuna har rawa yake da na fara magana. Muka rubuta awannin kowa a takarda ɗaya, Baturen ya ce shi zai fara sa hannu a wasiƙar tunda shi ba a iya korarsa daga ƙasar, muka kuma tara fam goma-goma muka ba wadda aka fi zaftare wa ta cika kuɗin haya. Faifan yana nan a jingine a kan firij ɗina, Baturen ya ce zai kawo mun tsohuwar na'urarsa ranar da za mu sake zama.